Burodin da Inna Ba Ta Ci

Allah ne ya ara mana Inna, shi ne kuma ya karɓi abinsa. Ta rasu wata Laraba da hantsi, a ɗakinta da ke cikin gidanmu a nan Tawa, bayan gajeriyar jinyar tsufa. Uwar mijina ce. Ni dai Inna nake ce mata tun ranar da aka kawo ni, kuma kalmar ba ta taɓa yi mini nauyi a baki ba.

Kafin la'asar mutanen Kalfu, ƙauyensu Inna, sun iso, mota cike. Tsofaffin da suka yi 'yanmatanci tare da ita suka zauna a tsakar gida, kowace da abin da take tunawa. Wata ta ce Inna ce ta fi kowa iya sussuka a unguwarsu. Wata ta ce har yau ba ta sha hurar da ta kai tata laushi ba. Maƙwabciyarmu, wata gyatuma da suke hira kullum, sai kallon ƙofar ɗakin take yi kamar mai jiran a kira ta. Yayar mijina, wadda nake kira Yaya, tana gefe rungume da faifan Inna, tana kuka a hankali.

Ana cikin haka mai burodin bakin masallaci ya zo yi wa mijina gaisuwa a zaure. Muryarsa babba ce, har cikin gida muna ji.

"Allah ya jiƙan tsohuwa," in ji shi. "Na yi rashin babbar mai ciniki. Shekara da shekaru ba ta taɓa fashin burodina ba. Wallahi shi ya riƙe ta har ta kai waɗannan shekaru."

Yaya ta ɗago kai ta dube ni. Sai dariya ta kubce mata a tsakiyar kuka, ta cusa fuska cikin mayafi. Ni kuwa ina tsoron baƙi su ce muna dariya a gidan makoki. Tun ranar maganar take damuna. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban saba dogon rubutu ba, amma ina tsoron yarana su girma da labarin mai burodi, na gaskiyar ya ɓace. Ina kuma tunanin ko akwai wani gida da tsohuwarsu take ramewa ana zuba mata abinci, ba su san dalili ba.

Mijina ɗan farin Inna ne, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Yaya kuwa ɗiyar kishiyarta ce da ta raina tun tana ƙarama. Ba ta faɗin sunansa, ba ta duban fuskarsa. In za ta ambace shi sai ta ce "mutumin can". A wurin kakarsa ya tashi. Da Baba, mahaifinsa, ya rasu, mijina ya je ya ɗauko ta daga Kalfu, ya gyara mata ɗaki, sai ga su a gida ɗaya, uwa da ɗa, ba su san yadda za su yi da juna ba. Shi tela ne, ba mai yawan magana ba ne ko da wasu. Abin da ya samo na nuna mata kulawa shi ne burodi. Kullum in ya fito sallar asuba sai ya biya bakin masallaci ya sayo mai zafi, ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta. Ita kuma ta juya fuska wajen bango ta amsa, ta miƙo hannu biyu ta karɓa, ta rufe da faifai, ta ce, "Allah shi yi albarka." Hirarsu ke nan ta yini guda. A ƙauye burodi abincin ranar kasuwa ne, ko tsarabar wanda ya dawo daga birni. A wurinsa, uwar da take karya kumallo da burodi da shayi kullum ta huta da wahalar duniya.

Ni ma na bi sahunsa. Na ga bai dace surukata ta zo birni ina ba ta tuwon gero kamar ba mu da hali ba. Yau maka, wato makaroni, gobe taliya, jibi fanke. Komai na sa mata tana cinyewa, ta sa mini albarka.

Inna ba ta iya zama haka kawai ba. Ko dai tana tsince tsakuwa a gero, ko tana gyaran zogale, ko tana yi wa jikokinta tsiya. Babbar ɗiyata takan ce mata, "Tsohuwa, yaushe za ki koma garinku ki bar mana ɗaki?" Ita kuma ta ce, "Sai na ga wanda zai kwashe ki da wannan ƙafa taki kamar ta zalɓe." Ni kuwa suna ta sa mini, Uwar Tsoro, don ta lura ko yaro ya yi atishawa sai na taɓa goshinsa. In ta ga ina kai da komo sai ta ce, "Zamna, ɗiyata, abin bai zo ba tukun." Na ji wannan magana daga bakinta fiye da yadda na ji sunana.

A hankali sai ta fara ramewa. Ni na fara gani, don ni nake wanke mata kaya, na ga tana ƙara naɗe zane. Warwaron da ke hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Cikinta kuwa a kumbure, ƙafafu suna tasawa da yamma, gefen bakinta ya tsage, idonta ya yi fari. Tana yawan ɗaukar buta, amma wace suruka ce za ta tambayi uwar mijinta abin da take yi a bayan gida? In na ce, "Inna, jikin fa?" sai ta ce, "Lahiya lau." Maƙwabta suka ce basir ne, aka kawo jiƙe-jiƙe. Wasu suka ce kewar Baba ce. Wata ma ta ja ni gefe ta ce a nemi malami, ba a rasa hannun mutum a ciki ba.

Da damina ta faɗi, Inna ta ce za ta je ta ga gonarta. Ta yi daminar a Kalfu wurin Yaya, tana shan hura da nono, tana cin tuwo da miyar kuka. Bayan girbi ta dawo mana da kumatu. Yaya ce ta rako ta, kuma tun daga zaure na ga fuskarta ba daidai ba. Ta same ni a madafa.

"Amarya," ta ce, ko da yake a lokacin ina da yara uku, "ki dube ta da kyau. Haka na kawo muku ita. In abincin gidanku ba ya isa, ku faɗa, mu ba mu gaji da uwarmu ba."

Inna ce ta ɗaga murya daga ɗaki: "Ke, bar yarinyar mutane. Abin da take ba ni ko matar gwamna ba ta cinsa." Gaskiya ta faɗa, amma maganar Yaya ta riga ta shige ni. Mijina ma ya ji. Washegari burodi biyu ya kawo, har da man shafawa. Ni kuma na ƙara yawan maka da taliya. Ba a daɗe ba kumatun suka zube, ta koma fiye da yadda take a da. Ta daina tsince gero. Wata rana ta tashi za ta yi alwala, jiri ya ɗebe ta, ta zube a bakin randa.

Daga nan ne ƙarfinta bai kai ta bayan gida ba, aka sa mata fo a ɗaki don biyan buƙata. Ba ta yarda kowa ya taɓa shi, da kanta take lallaɓawa ta zubar in ta ga tsakar gida ba kowa. Wata safiya na ga ta yi barci, na shiga na ɗauka. Da na kai waje na tsaya na duba, don raina ya ƙi kwanciya. Abin da na gani ba irin na mai zawo ba ne da na sani. Fari-fari ne, mai yawa, da maiƙo a sama kamar an zuba mai, ga wari na daban, ruwa ma da ƙyar yake wanke shi. Ina juyowa sai ga ta a bakin ƙofa, dafe da bango.

Shi ne kaɗai faɗan da muka taɓa yi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mi kike nema a ciki? Uwarki haka ta koya miki?" Na durƙusa ina ba ta haƙuri, ta shige ɗaki ta saki labule. Kwanaki ba ta ce mini Uwar Tsoro ba, sai dai in gaishe ta ta amsa a taƙaice. Na fi jin zafin wannan fiye da maganar Yaya.

Faɗuwar nan ce ta sa mijina ya dage aka kai ta asibiti. Likitar da ta gan mu mace ce mai haƙuri, Inna tana ce mata lokotoro. Da ta fara tambaya a kan bayan gida, Inna ta kafa wa ƙasa ido. Likita ta gane, ta ce mijina ya jira a waje. Duk da haka Inna ba ta buɗe baki ba. Can sai ta nuna ni da haɓa, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Tambayi wagga. Ita ce mai binciken kayan mutane." Ta nan na san ta huce. Na faɗi duk abin da na gani.

Likita ta ce akwai mutanen da suke ci su ƙoshi, amma hanjinsu ba ya tsotse amfanin abincin, sai ya wuce ya fita. Ta ce abubuwa da yawa suna kawo haka, kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai tsutsar ciki, da wasu ƙwayoyin cuta da ake sha a ruwan tabki ko rijiyar da ba a rufe ba. Akwai tarin huka da kan sauka a hanji, akwai sida, wato ƙanjamau. Wani hantarsa ce ko matsarmamarsa ba ta sako abin da ke narkar da maiƙo, wani kuma wata 'yar tsoka ce a bayan tumbi da ta gaji. Wani an taɓa yanke masa hanji wurin aiki, wani hanjin ne yake kumbura da kansa, wani madara ce cikinsa ba ya ɗauka. Duk wanda ta ambata sai in ji lalle shi ne. Na koma gida na kasa cin abinci, ina lissafa su a raina, ina duban randarmu kamar ita ce mai laifi. Inna tana kwance, da ƙyar take magana, amma ta ce, "Zamna, ɗiyata, abin bai zo ba tukun."

Aka yi ta awo. An sami jininta ya yi ƙasa sosai. An ba ta maganin tsutsa, bai canza komai ba. Sauran abubuwan da nake tsoro duk ba a same su ba. A wata komawa da muka yi, likita ta ce in faɗa mata abin da Inna take ci daga safe zuwa dare. Na faɗa, har da ɗan alfahari. Ta tambayi abin da take ci a ƙauye, na ba ta labarin daminar da ta yi a Kalfu. Sai ta aje abin rubutunta. Ta ce tana zargin alkama, amma kada a canza komai sai an ɗebi jini. Aka ɗiba aka aika Yamai, babban birni. Da sakamako ya dawo, zarginta ya tabbata.

Ta yi mana bayani cewa cikin hanji akwai wani laushi kamar gashin tawul, shi yake tsotse abinci. A jikin wasu mutane, alkama tana sa jikin ya yaƙi wannan laushi har ya shafe, hanjin ya koma sumul. Ba laifin alkamar ba ne, yawancin mutane suna ci lafiya, halittar wasu ce haka. Inna ta ce, "Wato cikina ya koma fako. Ruwa na zuba, yana wucewa, ƙasa ba ta sha." Likita ta ce haka ne. Inna ta ce, "Fako kuwa ana gyara shi. Mun haƙa ramuka mun zuba taki, ya yi gero." Likita ta ce wannan ma zai gyaru, in dai ta bar alkama har iyakar rayuwarta: ba burodi, ba maka, ba taliya, ba fanke, ba biskit. Gero da dawa da masara da shinkafa da wake kuwa ta ci yadda take so. Ta rubuta mata maganin ƙarin jini.

Muna fitowa, kafin mu kai inda mijina yake jira, Inna ta kama hannuna. "Kada ki gaya wa mutumin can zancen burodi," ta ce. Daga baya ta faɗa mini ta daɗe da lura cewa in ta ci cikinta yana juyawa. Amma abin da ya fito daga hannunsa ne, ta yaya za ta mayar?

Ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin wannan ba. In na yi shiru, na ɓoye wa mijina abin da ya shafi ran uwarsa, kuma na san in burodin ya kwana a ɗakinta wata rana za ta gutsura don kada a yi asara. In na faɗa, na saɓa mata, kuma na gaya wa mutum cewa abin da yake kawowa da hannunsa kowace safiya shi yake cinye uwarsa. Na yi ta juya abin har kaina ya yi ciwo. A ƙarshe na same shi yana cin abincin rana na faɗa masa. Ya tsame hannu daga kwano. Ya wanke ya koma shago.

Washegari ya dawo daga masallaci hannu wofi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa. Ina madafa ina kallonsa, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Kwana na gaba ya kawo cukun nono, na gaba kilishi. Tana karɓa, tana sa albarka, amma abin bai zauna ba. Gaisuwar ta koma kamar ta baƙo da mai masauki. Wata safiya ma bai tsaya ba, daga nesa ya gaishe ta ya wuce, kansa a ƙasa.

Ranar da ta biyo baya, yana durƙushe, Inna ta kira ni da ƙarfi, ko da yake ina kusa.

"Uwar Tsoro!"

"Na'am, Inna."

"Ki tambayi mutumin can, masu burodi sun tashi daga garin ga ne?"

Mijina ya dube ni. Ya ce, "Ki gaya mata likita ta hana."

Na buɗe baki zan maimaita, ta riga ni. Fuskarta tana bango, ta ce, "Ki gaya mishi lokotoro ci ta hana ni. Ba ta hana ni amsa ba."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi, ya sa takalmi, ya fita. Ba a jima ba ya dawo da burodi mai zafi a naɗe cikin takarda. Ta miƙo hannu biyu ta karɓa, ta rufe da faifai, ta ce, "Allah shi yi albarka." Na ga ya share ido da hannun riga kafin ya miƙe.

Haka aka ci gaba har ƙarshen rayuwarta. Yana fita, sai ta kira maƙwabciyarmu gyatuma ta ba ta rabi, sauran ta raba wa jikoki, ta wanke hannu, sannan in kawo mata hurarta. Ko ɓarɓashi ba ta ƙara kaiwa baki ba. Ni kuma na sami sabon abin tsoro. Na ware mata rariya da muciya da tukunya. Na daina kai geronta injin da ake niƙa alkama, a turmi nake daka mata. In an aiko da masa ko ƙosai daga gidan suna, sai na aika an tambaya ko an haɗa da fulawa. Da na ji likita ta ce abin yana bin jini, na dinga auna hannun yarana da yatsu ina duban idonsu, har sai da ta ce mini muddin suna girma lafiya in bar su, in na ga alama in kawo su. Inna tana kallona tana dariya. "Wagga yarinya," takan ce wa maƙwabciya, "in ta ga buhun hulawa a mota sai ta rufe mini taga."

Jikinta bai dawo rana ɗaya ba, sai da aka ɗauki watanni. Kumburin ƙafa ya fara sauka, bakin ya warke, warwaro ya koma ya tsaya inda yake. Ranar da na fito na same ta ta jawo tire tana tsince gero, komawa na yi ɗaki na yi kuka. Da Yaya ta zo ta ga ina ba ta tuwon dawa, ga burodi ana raba wa yara, ta fara ɗaure fuska. Inna ta zaunar da ita ta ba ta labari tun daga fo. Yaya ta zo madafa ta tsaya, sai ta karɓe taɓaryar da ke hannuna ta ƙarasa mini dakan. Tun daga ranar ba ta sake ce mini Amarya ba, ƙanwata take cewa.

Inna ta ƙara shekaru masu yawa a tare da mu bayan haka. Ta ga auren babbar ɗiyata, ta yi wa angon tsiya son ranta. Ba ciwon hanji ne ya ɗauke ta ba, kwana ne ya ƙare.

Washegarin jana'iza ina hura wuta don in dafa wa baƙi shayi, na ji motsi a tsakar gida. Mijina ne ya dawo daga masallaci. Yana tsaye a ƙofar ɗakin Inna, burodi a hannunsa, labule a sake. Ƙafarsa ce ta kai shi bakin masallaci ta dawo da shi, sai da ya iso ƙofar ya tuna. Ya tsaya, bai durƙusa ba, bai juya ba. Na ji tsoron kada baƙi su fito su gan shi haka, na kuma rasa abin da ya dace in yi.

Sai labulen ya motsa. Yaya ce ta kwana a ɗakin. Ta dubi ƙanenta, ta dubi abin da ke hannunsa. Ta koma ciki ta ɗauko faifan, ta miƙo hannu biyu ta karɓa, ta rufe. Ta buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Ta dube ni.

Na ce, "Allah shi yi albarka."

Ya gyaɗa kai ya koma zaure wurin maza. Muka aika wa maƙwabciya da rabinta.

Ya Allah, Inna ta karɓi abin da ba za ta ci ba don kada hannun ɗanta ya koma wofi. Ka karɓi ɗan abin da ta zo maka da shi, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata kabarinta, ka ciyar da ita a Aljanna da abin da ba ya cutarwa. Mu da muka rage, ka sa mu cika da kyau. Amin.